Wasiƙa daga Jos: allura ko tiyata

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki yafe min shirun da na yi. Tun da na gama kemo, wato maganin sankarar mama da aka riƙa yi min, a ƙarshen damina ban samu natsuwar zama in rubuta miki ba. Gashi ya fara tsirowa, ƙarfi ma yana dawowa, alhamdulillahi.

Akwai maganar da ta tsaya min a wuya, kuma ke nake so ki ji ta kafin 'yan gidanmu.

Likita ta ce irin sankarar maman da aka cire min da sinadarin istrojin take rayuwa, shi ne abincinta. Shekarata 38, al'adata kuma ta dawo bayan kemo, wato jakunkunan ƙwai biyun nan na gefen mahaifa suna nan suna zuba shi a jini. Ƙwayar da take so ta ɗora ni a kai, letrozole, ba ta amfani sai an tsayar da su. Ko dai a riƙa yi min allurar Zoladex duk kwana 28 har shekara biyar, ko a yi tiyata a cire su gaba ɗaya.

Na fara da allurar, na karɓi uku yanzu. A fatar ciki ake yin ta, ƙasan cibiya, bakinta da kauri, tana barin ɗan magani kamar ƙwayar shinkafa yana narkewa a hankali. Kin san sanyin Jos a Disamba, yadda muke kwana da safa a makaranta. To ni yanzu tsakar dare nake yaye bargo in buɗe taga, gumi ya jiƙa min riga. Gwiwoyina suna ciwo idan na tashi daga sujada. Akwai kuma abin da ya shafi ni da Baban yara, wanda sai mun yi waya zan faɗa miki. Likita ba ta ɓoye min komai ba: duk wannan zan same shi ko da tiyatar na zaɓa, har da raunin ƙashi, shi ya sa nake shan kalsiyam da bitamin D.

Na zauna na lissafa, allura 65 ke nan a shekara biyar. Kowacce da kuɗinta, kuma ba a so a makara. Watan jiya sai da muka zagaya kantin magani huɗu tsakanin Terminus da Bukuru kafin mu samu. A cikin Keke na fashe da kuka. Tiyatar kuwa sau ɗaya ce, ta 'yan ƙananan huji a ciki, an gama ke nan.

Amma an gama ɗin ne ke ba ni tsoro. Allura idan aka daina, jiki yana iya farfaɗowa. Abin da aka cire ba ya dawowa. 'Ya'yana biyu, na gode wa Allah, kuma ban ce lallai sai na ƙara ba. Duk da haka, in sa hannu da kaina a takardar da za ta rufe wannan ƙofa, hannuna rawa yake. Baban yara ya ce raina ya fi masa komai, na kuma yarda da shi. Dangi ne ban san yadda za su ɗauka ba.

Likita ta tambaye ni ko akwai mai irin ciwon a danginmu. Sai na tuna Goggo, da kumburin cikin da ya yi ajalinta. Ta ce in yi gwajin BRCA, wato a duba ko na gaji wani lahani a ƙwayar halitta, domin idan ina ɗauke da shi, haɗarin sankarar jakar ƙwan kanta yana da yawa, cirewar ta fi. Idan babu, zan iya ci gaba da allurar in ga yadda jikina zai ɗauka. Na ba da jini, ina jiran sakamako, ina kuma istihara.

Zuciyata ta fi karkata ga tiyatar, ban faɗa wa kowa ba sai ke. Kada ki ce min kawai in bi abin da likita ta ce, ita ma ni ta bar wa zaɓin. Ki faɗa min abin da za ki yi da ke ce. Ki kira ni ranar Juma'a bayan isha'i, lokacin yara sun kwanta.

Ki gaida Mama, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Jos