Faifai da akushi sun shiga manyan kantuna, masu yin su suna nan a ƙauye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi da 'yan kasuwa a kan sauyin da ake samu a harkar kayan gida, wanda ya shafi masu sana'ar hannu na karkara kai tsaye, amma har yanzu ba su ci moriyarsa ba.

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a ƙauyukanmu zai tarar jere ya koma na kuloli da tangaran da robobi, galibinsu daga ƙasar Sin, bayan an wuce zamanin kwalla da samira. Uwar da ta kuskura ta sa akushi a kayan 'yarta yanzu, dangin miji ba za su bar ta ta sha ruwa ba. A manyan kantunan Legas da Abuja da Turai kuwa, masu hali sun gaji da kayan da inji ke bugawa iri ɗaya, sun koma neman abin da hannu ya yi da yumɓu ko itace ko kaba ko fata. Faifan da matanmu ke rufe ƙwaryar fura da shi ana jera shi a bangon otal, ƙwarya ana huda ta a sa mata ƙwan lantarki, tum-tum kuma ya samu wuri a falon attajirai. Ƙyamar roba tana cikin dalilan hakan, domin tun 2021 Tarayyar Turai ta hana sayar da faranti da cokulan roba na amfani sau ɗaya. Ko kamfanin IKEA na Suwidin ya fitar da kayan gida a 2019 waɗanda ya tsara tare da masu zane 'yan Afirka.

Yadda ake sayarwar ma ya canza. Kantin alfarma ba ya cunkusa kaya kamar rumfar kasuwa. Ana ajiye 'yan kaɗan a wuri mai haske da ƙamshi, a zaunar da mai saye, a gaya masa garin da aka yi abin da yadda aka yi shi. Kantin Alara na Legas, wanda fitaccen mai zanen gine-gine David Adjaye ya tsara gininsa, a kan wannan tafarki yake. Kaso mai tsoka na kuɗin da mai saye ke biya na wannan labari ne, kuma labarin namu ne, sai dai matar da ta kwana biyu tana ɗinka faifai ba ta ganin komai face 'yan canjin da dillali ya miƙa mata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka aka yi wa kakanninmu lokacin da fatar Kano da Sakkwato ta ratsa Sahara, Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko.

A ganina, gwaninta ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ke hana kayanmu shiga waɗannan kantuna da darajarsu shi ne awo da kammala aiki. Mai kanti idan ya nemi faifai ɗari yana son faɗinsu ya zo ɗaya, rininsu kada ya zuba, fata kuma kada ta yi wari idan damina ta kama. Ban ɗora wa masu sana'ar laifin duka ba, domin wanda ake biya kaɗan dole ya yi gaggawa, ga shi kuma kabar kanta tana ƙara nisa saboda saran goriba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, da ginin tukwane irin na gida ta fara, sai ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a garin da ake kira Suleja yanzu, ta haɗa zanen gargajiya da sabuwar hanyar gasa tukwane, tukwanenta suka kai Landan. Matan Bolgatanga a Gana su ma suna sayar da kwandunansu a Turai da Amurka da sunan garinsu.

Saboda haka nake kira ga gwamnatocin Jigawa da Kano da su sake duba cibiyoyin koyar da sana'o'i, waɗanda kusan duk sun tsaya a ɗinki da haɗa sabulu. A gayyato masana tsara kayayyaki, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su zauna da masaƙa da dukawa da magina da masassaƙa a garuruwansu, su daidaita awo da launi, a kuma haɗa su cikin ƙungiyoyin gama-kai da za su riƙa yin ciniki da masu kantuna ba tare da dillali ba. Kowane kaya ya fita da takarda mai ɗauke da sunan garin da aka yi shi. Ina kuma roƙon masu shirya baje kolin Kano na shekara-shekara su ware wa waɗannan ƙungiyoyi rumfa mai tsari, a gayyato masu otal-otal da masu ƙawata gidaje su zo su gani da idonsu.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, Jihar Jigawa.