Takardar koke zuwa ga Sarkin Zangon Sogakope kan kiwon kawa a kogin Volta

Mai girma Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu matasa da iyaye mata na wannan zango muka haɗu muka rubuto maka, domin kai ne bakinmu a gaban sarakunan ƙasa da Majalisar Gundumar Tongu ta Kudu. Roƙonmu shi ne a nema mana wuri a cikin kogi mu yi kiwon kawa, wato halittar ruwa mai ɓawo da ke zama cikin yashi, wadda maƙwabtanmu ke kira adode.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin cewa ɗan zango ba shi da gonar gado. Fatauci ne ya kawo kakanninmu, wurin zama aka ba su, kuma yau kasuwar ta yi wa yawanmu kaɗan. Yaro ya gama sakandare, sai ya hau okada, ko ya tafi Ankara, babban birnin Ghana, dako, ko mu ji labarinsa a ramin galamse, wato haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya. Alhali ga kogi a bayan gida, ga matafiyan hanyar Ankara zuwa Aflao suna tsayawa bakin gada kullum suna sayen soyayyar kawa a tsinke.

Tsofaffin garin nan suna ba da labarin lokacin da mata ke ɗibar kawa tun daga Akuse har ƙasa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ta Kpong ta biyo baya a 1982, sai cikowar ruwa ta shekara-shekara ta tsaya, ciyawa ta rufe yashi, kawar ta janye ta koma ɗan yankin da ke tsakanin Agave da Ada, kusa da bakin teku. Masu nutso na can ba su naɗe hannu ba. Sukan kwaso ƙanana, su zuba su a wuri mai yashi da suka kafa wa alama, su bar su wasu watanni har su yi ƙiba, sannan su ɗebe su sayar. Wannan sana'ar muke so mu koya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kawa ba a saya mata abinci, ruwa take tacewa ta ƙoshi, kuma duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa ya san kuɗin abinci ne ke cinye jari. Nan kuwa kwalekwale ne da iri da mai gadi. Mata su wanke, su soya, su busar. Ɓawon ma kuɗi ne, ana niƙa shi a abincin kaji, ana ƙona shi a yi farar ƙasa, kuma direbobinmu na da motocin kai shi kasuwa.

Mun san akwai dattawan da ke yamutsa fuska idan an ambaci cin kawa. Ba mu ja da su, amma a mazhabar Imam Malik da muke bi abin ruwa halal ne, Liman ma zai iya yi wa jama'a bayani a masallaci.

Ruwan nan da masu shi, ba kuma za mu shiga ta bayan gida ba. Shi ya sa muke roƙon ka ɗauki dattawa da goron gaisuwa ka je wa sarakunan Tongu da na Ada, a yanka mana wuri ko da na aro ne, mu yi aikin tare da 'ya'yansu, a raba riba yadda aka shirya. Mun yi alkawarin kiyaye rufe kogi da suke yi daga Disamba zuwa Maris, da ranar da suka hana shiga ruwa. Matan Tsokomey da Bortianor a bakin kogin Densu sun fara rufe nasu wurin na wata 5 tun 2017, suna mayar da ɓawo cikin ruwa don ƙanana su samu wurin maƙalewa. Muna so a tura wasu daga cikin matanmu su gani da idonsu.

Daga Majalisa kuma takarda muke nema mai hatimi da ke nuna iyakar wurin kowa. In babu ita, ɓarawo zai kwashe wahalar rabin shekara a dare ɗaya, ko injin haƙar yashi ya bi ta kai, a rasa inda za a kai ƙara. Haka nan a roƙa mana Hukumar Kamun Kifi ta turo mai koyarwa, a riƙa gwada ruwan, kada mu sayar wa mutane ciwon ciki. Sannan ba mu manta Oktoban 2023 ba, sa'ad da aka saki ruwan madatsa ya ci Mepe ya iso garin nan. Duk ranar da za a sake buɗewa, a sanar da masu kiwo da wuri.

Muna fatan ka sa mana rana bayan sallar Juma'a mu zo fada da sunayen waɗanda suka shirya farawa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne talakawanka,
Matasa da matan Zangon Sogakope