Farfesa Umaru Shehu: Sanya Wa Asibiti Suna Bai Wadatar Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Maiduguri ranar 2 ga Oktoba, 2023, yana da shekara 92, da kuma yadda muka bar tarihin aikinsa yana neman ɓacewa tun ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba.

An haife shi a ƙasar Barno a 1930, ya yi karatu a kwalejin da ake kira Barewa a yau, daga nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sannan ya kammala karatun likita a Jami'ar Libaful da ke Ingila a 1956. A wancan lokaci likitoci 'yan asalin Arewa ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, saboda haka da ya so ya buɗe asibitin kuɗi a Kaduna ko Kano, ya riƙa duba manyan ma'aikata da attajirai, babu mai hana shi. Sai ya karkata ga fannin kiwon lafiyar al'umma, wato ɓangaren da ke bin diddigin inda cuta take fitowa, tun daga rijiyar da ake sha da masai da kwatar unguwa, har zuwa yaron da ba a yi wa rigakafi ba. Fanni ne da ba ya kawo kuɗi, ba ya kuma kawo yabo, domin mutumin da aka yi wa tiyata ya tashi yakan san wanda zai gode wa, amma garin da annoba ta tsallake ba ya ma sanin an yi masa wani aiki.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya shugabanci sashen kiwon lafiyar al'umma, ya zama farfesa a 1970, ya kuma riƙe Cibiyar Lafiya ta jami'ar. Shekarun nan su ne lokacin da Zariya ta yi fice wajen bincike kan sanƙarau, ake kuma gudanar da nazarin cututtukan karkara a yankin Malumfashi, inda masana ke shiga ƙauyuka suna ƙirga jama'a suna rubuta abin da ke kwantar da su. A 1978 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, abin da ba ƙarami ba ne ga ɗan Arewa shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa. Daga baya ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma shugabanci hukumar gudanarwar NACA mai yaƙi da cutar ƙanjamau.

Amma inda na fi ganin girmansa shi ne rikicin rigakafin shan inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gurɓata ɗigon da maganin hana haihuwa, har wasu jihohin Arewa, Kano a kan gaba, suka dakatar da aikin. Ba daidai ba ne a ce jahilci kaɗai ya jawo hakan, domin mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 daga cikinsu suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A irin wannan yanayi baƙo ba ya iya shawo kan jama'a komai takardunsa. Ana buƙatar ɗan gida, Musulmi, dattijo, wanda ya san kimiyyar kuma ba a taɓa jin sa da cin amana ba. Farfesa Shehu yana cikin masanan da suka sa ido kan binciken ingancin ɗigon rigakafin shan inna, ya fito fili ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali faɗin haka a lokacin yana iya jawo wa mutum sunan ɗan koren Turawa. Kano ta koma rigakafi a watan Yulin 2004 da maganin da aka kawo daga Indunusiya, sai dai kafin nan cutar ta riga ta tsallaka ƙasashen da suka rabu da ita tuntuni.

Duk wanda ya zauna a unguwanninmu ya san abin da ya biyo baya: mata sanye da hijabi ɗauke da akwatin sanyi suna bi gida gida, a ɗiga wa yaro ɗigo biyu, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a rubuta alama da alli a jikin ƙofa, mai unguwa na tsaye yana lallashin magidancin da ya ƙi. Da wannan aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, kuma Allah Ya nuna wa Farfesa wannan rana da ransa.

To, me muka yi masa? Akwai babban asibiti mai sunansa a Maiduguri, kuma ya cancanta. Sai dai mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa don kada jama'a su kai ga kwanciya a asibiti, ba gini ne zai riƙe gadonsa ba. A shekarar da ya rasu mashaƙo ya yi ta kashe yara a Kano da Yobe, cutar da rigakafinta ya daɗe a hannu. Kwalara tana dawowa kusan kowace damina. Duba-gari, wanda iyayenmu ke share gida da rufe randa saboda tsoron zuwansa, ya zama labari a garuruwa da yawa, ƙananan asibitocin sha-ka-tafi kuwa sau da yawa sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa da rana tsaka.

Don haka ina kira ga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Maiduguri, inda ya koyar, da su tattara rubuce-rubucensa da jawabansa wuri ɗaya, su ɗauki bayanin ɗalibansa da abokan aikinsa tun suna raye, a kuma fitar da taƙaitaccen tarihinsa da Hausa da Barbarci domin 'yan makaranta. Gwamnatocin jihohi kuma su ware guraben ƙaro karatu da sunansa ga likitocin da suka yarda su ƙware a kiwon lafiyar al'umma, da sharaɗin su yi aiki a ƙananan hukumomi bayan sun gama. Ku ma 'yan jarida, ina roƙon ku aika wakili Zariya da Maiduguri ya zanta da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Zariya