Fatsar kifin bas a Amurka ba sai mai kwale-kwalen inji ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan rubutun da kuka buga game da fatsar nishaɗi a Amurka. Marubucin ya yi ƙoƙari, sai dai duk wanda ya karanta zai ɗauka cewa kifin bas ba ya kamuwa sai ga mai kwale-kwalen inji da akwatuna cike da koton roba kala-kala. Ni a jihar Kansas nake zaune, kuma daga bakin gaɓa nake fatsata a madatsar ruwan Clinton da ke gefen garin Lawrence, da sanda ɗaya da ɗan ƙunshin da ba ya cika aljihu. 'Yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke nan suna yawan tambayata me za su saya, to ga amsar a fili kowa ya amfana.

Bas kifi ne mafarauci, halinsa irin na giwan ruwa, amma ko kusa bai kai shi girma ba. Mafi girma da aka yi wa rajista bai wuce kilo 10 da ɗan ɗoriya ba, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 Manabu Kurita ya kama daidai da shi a tafkin Biwa na Japan. A ruwan da masu fatsa suka yi wa yawa, ko ruwa garau, ko lokacin sanyi, kifin nan yakan yi wayo ya ƙi babban koto mai hayaniya. A nan ne ake komawa fatsar lallami: siririn zare, ƙaramar ƙugiya mai kan dalma, da guntun roba mai laushi. A garin nan na Lawrence wani mai fatsa, Ned Kehde, ya yi shekaru yana rubutu a kanta, har aka sa wa wannan haɗi na ƙugiya da roba sunansa.

Abin da nake so in jaddada shi ne nauyin kan ƙugiyar. Sabon shiga yakan tsaya gaban kanta yana zaɓen launi, ya ɗauki kowane kai da hannunsa ya kai gare shi, alhali kan shi ne ke yin aikin. Galibi bas yana cafkar koto ne lokacin da koton ke nitsewa. Kai mai giram 7, wato rubu'in oza, yakan faɗa ƙasa nan take ya maƙale tsakanin duwatsu, kifin bai ma gama duba shi ba. Mai giram 2 kuwa, wanda ake rubutawa 1/16 na oza a jikin ledarsa, sauka yake a hankali yana rangaji, ya ba kifin lokacin yanke shawara. Da shi nake farawa a ruwan da bai wuce mita uku ba. Ba na ƙara nauyi sai iska ta tilasta ni, kuma iskar Kansas ba ta da kunya: in ta taso, zare yakan yi ciki a saman ruwa, koton ya kasa kaiwa ƙasa. To sai in koma mai giram 3. Mutane da yawa ba sa son ƙaramin kai don ba sa jin sa a hannu. Ai ba a hannu ake ji ba, zare ake kallo. Za ka ga ya ɗan zabura, ko ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Kada ka fizga, ɗaga sanda kawai ka naɗe.

Ƙugiyar ita ma ta zama ƙarama mai siririn ƙarfe. Zaren lallami ba shi da ƙarfin da zai cusa kakkaurar ƙugiya a bakin kifi, doguwa kuma takan sandarar da robar ta hana ta motsi. Siffar kan da na fi so ita ce ta laimar kwaɗi, mai shafaffen baya, domin robar na zama daram a jikinta. Inda akwai itatuwa a ƙarƙashin ruwa, a nemi mai 'yar waya da ke kare bakin ƙugiya.

Sai ita robar. Tun 1949 da Nick Creme ya ƙera tanar roba a garin Akron na jihar Ohayo ake ta fito da sababbi, amma ga mai wannan fatsa iri biyu ne kawai. Akwai mai gishiri a jiki wadda ke nitsewa da kanta, irin Senko. Akwai kuma mai tasowa, irin TRD ta kamfanin Z-Man, tsawonta santimita 7. Ita nake sa wa kan dalma, don in kan ya zauna a ƙasa sai wutsiyar ta miƙe tsaye tana kaɗawa da ɗan motsin ruwa, kifin ya ɗauka wani ƙwaro ne ke kiwo. Tana da jurewa, kifi da yawa za su tauna ta ba ta yage ba, har ma ta fi kama kifi bayan ta sha tauna ta yi laushi. Amma a bar ta cikin ledarta. In ta kwana a akwati ɗaya da roba ta gama-gari, narkewa suke su cakuɗe. A kuma soke ta a miƙe sak, in ta karkace juyawa za ta riƙa yi tana murɗe zare.

Launi biyu sun wadatar: kore mai duhu a ruwa garau, baƙi in ruwa ya gurɓace. Sauran na kama mai saye ne.

Akwai wani abu da rubutun naku bai taɓo ba, ita ce dalmar kanta. Jihar New Hampshire ta haramta ƙananan kawunan dalma masu nauyin oza ɗaya zuwa ƙasa, saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye su suna mutuwa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Ana samun kai na ƙarfen tongistan, ya fi tsada amma ba shi da wannan guba. Mai amfani da dalma kada ya sa ta a baki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci, kada kuma ya narka ta a ɗakin girki don ƙera nasa, musamman a gidan da ke da yara. Robar da ta yage a sa ta a aljihu a kai kwandon shara, don kifi na haɗiye ta. Kafin a jefa ƙugiya a ruwa kuma a yanki lasisin jihar da ake ciki, ana samun sa ta intanet, ma'aikatan gandun daji suna tambaya.

Na gode da ba ni fili.

Mai karanta jaridarku,
daga jihar Kansas, Amurka