Ɗan baffana ya nakasa mini doki, yanzu kuma an ce sai an yi masa lalas

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, raina ne a ɓace, jiya ban runtsa ba saboda maganar da Baffa ya yaɓa mini a gaban yaran gida.

Maganar doki ce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu hawa a bayan hakiminmu duk sallah har ƙofar fadar Sarkin Musulmi, da ya rasu ni na ci gaba da riƙe bargar. Amma akawal ɗin nan, wato baƙin dokina, ba na gado ba ne, wannan nake so a fahimta tun farko. Da kuɗin albasata na saye shi a kasuwar Illela tun yana duƙushi. Harawa, dusa, gero, kanwa, duk daga aljihuna suke fita, ba wanda ya taɓa kawo ko dami ɗaya. Turken ne kawai na gado, shi ne Baffa yake taƙama da shi.

To ɗansa ne ya ari dokin don bikin abokinsa. Ina Tambuwal ya kira ni, na ce kilisa kaɗai, ban da sukuwa. Shi yanzu cewa yake bai ji haka ba. Ashe bakin gulbi suka nufa, cikin yashi mai zurfi, yana sukuwa yana zamiya ana ɗaukarsa a waya. Na ga hoton da idona, Malam. Da dare ya lallaɓo ya ɗaure shi ya tafi, ko sirdi bai kwance daidai ba. Yaron nan haka yake tun yana ƙarami, abin da ba nasa ba bai san darajarsa ba, babur ɗin yayana ma haka ya yi masa.

Da safe na kwanto dokin sai na ga yana ɗingishi. Duk sanda ƙafar gaba ta dama ta taɓa ƙasa sai ya ɗaga kai sama. Na duba kofato ko ƙusa ce ko tsakuwa, babu. Da na shafa bayan ƙafar, ƙasa da gwiwa, na ji wurin da ɗumi ya ɗan kumbura, na matsa kaɗan ya fizge. Muka ce targaɗe ne, aka shafa masa man zafi aka ja ƙafar, yadda kowa ke yi a garin nan. Ba ni na ƙirƙiro hakan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ban faɗa ba tukuna. Yaron ya je ya sayo garin maganin ciwo na dawaki, wanda ake cewa but, yana zuba masa a dusa ban sani ba. Dokin ya daina ɗingishi, shi kuma ya sake hawansa don ya nuna wa ubansa wai ƙarya nake masa. Washegari ƙafar ta ninka kumburi.

Sai na kira likitan dabbobi, wani matashi da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya sa aka ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, aka kewaya da shi dama da hagu, ya naɗe ƙafar ya riƙe kamar minti 1 ya saki, ɗingishin ya ƙaru. Ya yi masa allurar kashe zafi daga ƙasa yana hawa sama har ya kai inda dokin ya taka daidai, ya ce to a nan ciwon yake. Daga baya ya zo da na'ura irin wadda ake duba masu juna biyu, ya aske gashin wurin, ya nuna mini wani baƙin tabo a cikin fari. Ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyar da ke riƙe da gaɓar da ke saman kofato ce ta tsage, wadda ta taso daga ƙasan gwiwa ta rabu biyu, kuma hoton ƙashi ba ya nuna irin wannan. Wai da tun ranar farko ruwan sanyi ya kamata a riƙa zubawa, minti 20 safe da yamma, a ɗaure da bandeji. Maganin ciwon nan kuma ɓoye zafi kawai yake yi, in ya yi yawa yana cin ciki da ƙoda.

Maganinsa wai hutu. A turke, ba hawa, sai a riƙa jansa da hannu 'yan mintoci ana ƙarawa a hankali, a gyara masa kofato kada ya yi tsawo ta gaba, a sake dubawa da na'urar kafin a ɗora masa sirdi. Wata 6 zuwa shekara. Ya ce ko ta warke ba ta komawa kamar da, tabo ne ke cike wurin, in aka yi gaggawa nan take sake tsagewa.

Baffa ya ce wannan zancen 'yan boko ne masu neman kuɗi. A kira mai lalas ya sa ƙarfe a wuta ya zana wa ƙafar, haka kakanninmu suka yi, kafin sallah ya miƙe. Likita ya ce ƙona fata ba ya ɗinke jijiya, in ka ga dokin da aka yi wa lalas ya warke, zaman dole da ƙunar ta sa shi ne ya warkar da shi. Da na maimaita haka sai Baffa ya ce na fi son dabba da zumunci, so nake gidanmu ya ji kunya ranar hawa, in ban yarda ba in kwance dokina daga turken ubansu. Ɗan nasa yana tsaye yana latsa waya, ko sannu. Inna kuka kawai take yi tana cewa in bi babba.

Af, na manta, ƙanwar yaron nan ce aka sa mana rana da ita bayan babbar sallah, an riga an kai kaya.

Ni ban ce a biya ni doki ba, duk da ina da hakki. Kuɗin likita kawai na ambata, shi ma sau ɗaya. Malam, in na kai dokin gidan abokina a Wamakko ya yi jinyarsa can, za a ce na yanke zumunci? Kuma wanda aka ba aro da sharaɗi ya saɓa, me shari'a ta ce a kansa? In kana da likitan dawaki a kusa ka tambayar mini ko da gaske shekara guda ce, ko akwai allurar da ke rage lokacin. Sannan wa zan tura wa Baffa ya yi masa magana, tunda ni ya ce kada in sake gaishe shi?

Don Allah a sakaya sunana.

Naka, daga Sakkwato.