Sakin kare da dare a tsakar gida bai isa motsa jiki ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu karnukan gadi a Kaduna, tun daga Kawo har Barnawa da Sabon Tasha. Abin da aka saba shi ne a kulle kare a keji tun asuba, sai goma na dare a sake shi a tsakar gida, maigida ya ga kamar ya sauke nauyi. Alhali karen da ya san kowane lungu na gidan, zagaye biyu zai yi ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta. Daga nan sai ƙiba, da haushi ba dalili, da tona rami, da gaigayar ƙarfen keji har haƙora su lalace.

Babban kare mai lafiya yana buƙatar tafiyar minti 30 zuwa awa 2 kullum, gwargwadon irinsa. Ƙanana masu gashi irin su Lasa, rabin awa ta ishe su. Rotwaila da Bowabul kada su gaza awa ɗaya. Alseshan ya fi su buƙata, don asalinsa karen kiwon tumaki ne a Jamus. Karen farauta irin namu kuwa, ɗaure shi da sarƙa yini guda zalunci ne kawai. A raba tafiyar biyu, safe da yamma, a kuma bar shi ya tsaya ya shinshina hanya, don hancinsa ma yana son aiki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne zafi. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa; da haki yake sanyaya jikinsa. A watannin Maris da Afrilu a fita kafin bakwai na safe ko bayan magariba. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta: in ba ka jure daƙiƙa 5 ba, ƙafarsa ma za ta saɓule. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin maki 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 41 rai na cikin haɗari. Alamun su ne haki ba ƙaƙƙautawa, dalala mai kauri, dasashi ja wur, da tangaɗi. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a kan cikinsa da hammata da cinyoyi, a yi masa fifita, sannan a garzaya asibitin dabbobi. Masu kare irin Kokeshiyan su fi kowa kiyayewa, wannan gashin na ƙasar dusar ƙanƙara ne, ba na ranar Kaduna ba.

Kada a fita da kare da ciki cike. A jira awa 2 bayan abinci, domin manya masu zurfin ƙirji tumbinsu kan kumbura ya murɗe, kuma cikin 'yan awoyi yake kisa.

Wanda ya shekara a keji a fara masa da minti 10 safe da yamma, a riƙa ƙara minti 5 duk mako. Ɗan kwikwiyon babban iri kada a sa shi dogon gudu sai ya kai wata 18, lokacin ƙashinsa ya gama ƙosawa. Masu jan kare a bayan babur kuma, don Allah su daina.

Kafin a taka titi, a tabbata an yi masa allurar haukan kare ta shekara, igiya kuma tana hannun babba, ba yaro ba. A kauce wa lokacin fita masallaci da na tashin 'yan Islamiyya, maƙwabta na da haƙƙi. Da damina, in an dawo daga ciyawa, a duba cikin kunne da wuya da tsakanin yatsu a cire kaska.

Naka,
Wani likitan dabbobi,
Unguwar Rimi, Kaduna.