Kun Wanke NASA a Shirinku na Kumbon Columbia

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na kimiyya na daren Asabar ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun sako muryoyin jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, daga tarukan manema labarai na watan Fabrairun 2003 ɗaya bayan ɗaya, kun fassara su tsaf, sannan mai gabatarwa ya rufe da cewa hatsarin Columbia, kumbon da ya tarwatse da mutum bakwai yana dawowa duniya, abu ne da babu wanda ya hango, wai wa zai zaci ɗan soso mara nauyi zai karya kumbo. Ai wannan maganar hukumar ce a lokacin da take kare kanta, kuma kwamitin binciken da Admiral Harold Gehman ya jagoranta ya rushe ta tun watan Agustan shekarar. Sai ga shi kun sake tayar da ita da Hausa, ga mutanen da yawancinsu ba za su taɓa ganin rahoton ba.

Tankin man nan da kuka yi ta ambata, wanda kumbon ke manne a jikinsa lokacin tashi, tsawonsa kusan mita 47 ne, yana ɗaukar kimanin lita miliyan 2 na ruwan oksijin da ruwan haidurojin, na farko a sanyin digiri 183 ƙasa da sifili, na biyu a 253. In aka bar ƙarfen tsirara a danshin Florida ƙanƙara za ta lulluɓe shi, shi ya sa a wancan zamanin ake fesa masa kumfa ta sandare ta zama soso mai kaurin kusan santimita biyu da rabi. Inji ke fesa mafi yawansa. Amma a lungunan da inji ba ya kaiwa, kamar gindin ƙarafa biyun da ke riƙe gaban kumbon a jikin tankin, da hannu ake fesawa a sassaƙe. A nan ake samun ramuka da wuraren da soson bai kama jiki ba, kuma masu bincike sun gani da idonsu da suka yanka irinsa a wasu tankokin. Daga wannan gindin, ta ɓangaren hagu, guntun ya ɓalle daƙiƙa 81 da ɗoriya bayan tashi, ranar 16 ga Janairun 2003.

Batun rashin nauyin da mai gabatarwarku ya nanata shi ne ya fi ba ni haushi. E, guntun bai kai kilo ɗaya ba, kimanin giram 760 ne. To rashin nauyin nan shi ne ma masifar. Kumbon na gudun kusan kilomita 2,500 a awa. Da soson ya rabu da tanki iska ta taka masa birki nan take, sai fiffiken ya zo ya same shi da bambancin gudu sama da kilomita 800 a awa. In aka yi lissafin ƙarfin bugun, daidai yake da a sako buhun siminti daga tsayin kusan mita 40. Kuma ba a kan tayil ɗin da ke kare ƙasan kumbon daga zafi ya sauka ba, a bakin fiffiken hagu ya sauka, kan allo na 8 cikin alluna 22 na kabon da ke kare wurin. Allunan nan suna jure zafin digiri 1,600, amma kaurinsu wajen santimita ɗaya ne, kuma ba a ƙera su don ɗaukar duka ba.

Cewa babu wanda ya hango kuwa ba gaskiya ba ne. Dokar ƙirar kumbon tun asali ta ce kada komai ya faɗo daga tanki. Soson wannan gindin ya ɓalle tun a 1983, ya sake a wasu tafiye-tafiyen, kuma a watan Oktoban 2002, wata uku kacal kafin Columbia, ya ɓalle a tashin Atlantis, wani kumbon irin Columbia, har ya lotsa wani sashe na rokar gefe. An zauna, an duba, aka ce a ci gaba da tashi. Saboda kullum kumbo na dawowa lafiya, sai aka mayar da abin matsalar gyara bayan sauka, aka cire shi daga jerin abin da ke kisa. Rahoton Gehman ya ba wannan ɗabi'ar babi guda, kun tsallake ta ɗungurungum.

Sannan kwanaki 16 ɗin da Columbia ta yi a sama, ba ku ce komai a kansu ba. Washegarin tashi masu duba fim suka ga bugun, amma hoton bai fito ba, ɗaya daga cikin kyamarorin ma ba a saita ta daidai ba. Injiniyoyi, cikinsu har da Rodney Rocha, suka nemi a roƙi ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauko hoton fiffiken da na'urorinta. Sau uku aka tayar da buƙatar, shugabanni suka kashe ta. Kwamitin kula da tafiyar, wanda Linda Ham ke shugabanta, doka ta ce ya zauna kullum, sau biyar ya zauna. Manhajar Crater da injiniyoyin Boeing suka auna ɓarnar da ita an gwada ta ne da ƙananan gutsattsari, wannan guntun ya ninka su ɗaruruwa. Abin da ya fi ciwo: ranar 23 ga Janairu aka aika wa kwamanda Rick Husband da matuƙi William McCool saƙon imel cewa soso ya bugi fiffike amma babu abin damuwa ko kaɗan, ana gaya musu ne kawai don kada wani ɗan jarida ya yi musu tambayar ba-zata. Shirin da ya ce yana waiwayar mu'amalar NASA da manema labarai, ta yaya zai bar wannan saƙon?

Muryar Ron Dittemore, shugaban shirin kumbon a lokacin, da kuka sako ta ranar 5 ga Fabrairu ce, kwana huɗu bayan kumbon ya tarwatse a samaniyar Texas da mutum bakwai, saura minti 16 su sauka. A taron ya ɗaga guntun soso a hannu yana nuna wa 'yan jarida, yana cewa hankali bai ɗauki wannan a matsayin tushen hatsarin ba. Ban ce mutumin ƙarya yake yi ba, ya yi imani da abin da yake faɗa, kuma a nan haɗarin yake. Amma kamata ya yi nan take ku biyo da abin da ya faru ranar 7 ga Yuli a San Antonio, inda aka harba soso mai irin wannan nauyin da bindigar iskar naitirojin kan allo na 8 da aka ciro daga Atlantis. Ya huda rami mai faɗin sama da santimita 40. Ta irin wannan ramin iska mai zafi ta shiga lokacin saukowa ta narkar da ƙashin fiffiken, wanda alminiyam ne da ba ya kai digiri 700 yake narkewa.

Baƙonku ya ce ko da an gani ba abin da za a iya yi, kuma ba wanda ya ja da shi. Gaskiya ne Columbia ba za ta iya kaiwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba, don ba hanya ɗaya suke zagayawa ba. Amma kwamitin Gehman ya sa an yi lissafi: da an tabbatar da ramin da wuri, 'yan sama jannatin za su iya tsimin kayan tace iska har zuwa 15 ga Fabrairu, a hanzarta shirya Atlantis ta tashi daga ranar 10 ta kwaso su. Aiki ne mai wuya da kasada, amma kwamitin ya ce mai yiwuwa ne. Akwai nisa tsakanin wannan da cewa babu dabara.

Da kuna neman taron manema labaran da ya cancanci a saurara, da kun sako na 27 ga Yulin 2005. Bayan shekara biyu da rabi ana gyara, Discovery, wani kumbon irin Columbia, ta tashi ƙarƙashin kwamanda Eileen Collins, wani babban guntu ya sake ɓallewa daga wani sashen tankin, Allah Ya sa bai taɓa kumbon ba. Washegari Bill Parsons, shugaban shirin kumbon a lokacin, ya fito ya ce sun yi kuskure, aka dakatar da tashi har kusan shekara guda. A tafiyar ne aka fara duba fiffike da sanda mai kyamara mai tsawon mita 15, kumbon kuma ya yi juyi a ƙarƙashin tashar don a ɗauki hoton ƙasansa. Duk abin da aka hana injiniyoyin Columbia ya zama doka.

Ina roƙon ku karanta gyara a shiri na gaba, a farkonsa, kada ku bari sai an zo sallama. Tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah ku yi wa mai haɗa sautinku magana: kiɗan da yake sawa a ƙarƙashin fassara ya yi ƙarfi, a ƙaramar rediyo lambobi da sunaye duk ɓacewa suke yi.

Na gode.

Mai sauraronku daga Zariya